Janar Ba Ya Cin Ɗanye

Tun ranar da maigidana ya yi ritaya daga aikin sito na san akwai abin da zai faru, ban dai san ta wace ƙofa zai shigo ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ba leburori umarni, yau ga shi a tsakar gida babu mai karɓar umarni sai ni da kare. Ni kuwa ina da abin yi, saboda haka abin ya faɗa kan kare.

A layinmu Malam Na-Sani ake ce masa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, don shi a ganinsa yabo ne. Ko labarin haihuwar da aka yi yanzu-yanzu ka kawo masa, kafin ka rufe baki zai ce, "Na sani."

Karen na babban ɗanmu ne, ya tafi karatu ya bar mana shi a ɗan keji bayan gida. Kunnuwa muke kiransa, don in ka cire kunnuwan babu abin da ya rage sai haƙarƙari da wutsiya. Ba ya haushi sai in inuwarsa ta ba shi tsoro. Abincinsa sauran shinkafa da ɗan romo, ya ci ya kwanta, bai taɓa neman kowa da fitina ba.

Ni kuma sana'ata ƙanƙara mai zaƙi. In dama, in ɗura a 'yan ƙananan ledoji, in ƙulle, in jera a firiza: fara ta madara, rawaya ta mangwaro, ja ta kankana. Da safe in loda a kula in kai makarantar firamaren da ke bayan layinmu, inda Shugabar makaranta ta ba ni wuri a gindin bishiya kusa da ƙofa. Mata da yawa sun nemi wurin nan ba su samu ba, don Shugaba mace ce mai tsantseni, sai ta duba farcenki kafin ta amsa gaisuwarki. Tun da ritaya ta zo, gindin bishiyar nan shi ke riƙe da tukunyar gidanmu. Shi ya sa ko tari yaro ya yi a makarantar sai gabana ya faɗi, in ce ko ƙanƙarata ce.

Wata safiya ina ƙullin leda Malam ya shigo kicin da waya a hannu, idonsa yana ƙyalli.

"Maman yara, kin taɓa ganin kyarkeci yana hura wuta?"

"Kyarkecin ma ban taɓa gani ba, Malam."

"Na sani. To, ba ya hurawa. Zaki fa, kin taɓa jin ya aiko a ara masa ashana? Shekara da shekaru muna zaluntar dabbar nan da dafaffen abinci. Kakanninsa ɗanye suka ci suka mallaki daji, mu mun mayar da shi mai jiran a kankare tukunya."

"Shi dai bai kawo ƙara ba."

"Ina zai samu bakin ƙara, kun kashe masa zuciya da shinkafa?" Ya tura min wayar har hanci. Wani ƙaton mutum ne mai gemu yana jefa cinyar nama wa wani kare mai girman ɗan maraƙi. "Daga yau babu dafaffe. Kuma babu Kunnuwa, sunansa Janar. Nan ba da daɗewa ba za ki ga 'yan sanda sun yi layi a ƙofar gidan nan suna roƙon in ba su aronsa."

"Ni dai kada abin ya zo kusa da firizata."

"Me zan yi da firizarki? Ɗanye na ce, ba sanyi ba."

Da la'asar ya dawo da bokiti cike da hanta da tumbi da huhu, Mahauci yana biye da shi. Wai ya rufe rumfarsa ne musamman don ya ga karen da aka zo wa sayayya da sikeli irin na masu zinariya. Tela, maƙwabcinmu na dama, ya taka benci ya leƙo ta kan katanga. Goggo, tsohuwar da ke hagunmu, ta jawo kujerarta bakin ƙofa. Malam ya ajiye kwano a tsakiyar gida, ya ja da baya, ya buga ƙafa kamar soja.

"Janar! Ci!"

Kunnuwa ya waiga bayansa don ya ga wanda ake kira. Bai ga kowa ba. Ya matso a hankali, ya sunsuni kwanon, ya yi atishawa, ya taka ya zo ƙofar kicin ya zauna yana kallona.

Tela ya ce, "Malam, ko dai takardar ƙarin girman ba ta iso masa ba tukuna?"

"Ku ba ku san dabba ba. Mantuwa ce ta yi masa yawa, sai an tuna masa."

Sai ga mijina, uban 'ya'yana, ya naɗe ƙafar wando ya durƙusa hannu da gwiwa. Ya zagaya kwanon yana gurnani, ya yage baki, ya girgiza kai, ya ɗaga wani yankin hanta sama yana lilo da shi. Kunnuwa ya shige ƙarƙashin bahon wanki, kunnuwa kawai ake gani. Hantar tana sama a hannun Malam wata shirwa ta sauko fuuu, ta fizge ta yi gaba.

Goggo ta ce, "To, madalla, an samu wanda ya fahimci darasin."

"Kun gani da idonku," in ji Malam yana karkaɗe gwiwa. "Tsuntsu mai ilimi kenan. Shi ma Janar yunwa za ta koya masa."

Yunwa ba ta koya masa komai ba sai dabara. Duk abin da aka zuba masa, sai ya jira Malam ya juya baya, ya ɗauka da gefen baki kamar mai ɗaukar gawar ɓera, ya je ya binne. Da ya gama da ƙasar tukwanen furen Goggo, sai ya gano buhun ƙyallayen Tela da ke jingine a lungu. Ba a daɗe ba shagon Tela ya fara wani irin wari. Ya zare durowa, ya kwance keken ɗinki, ya sa guba, ya zargi ƙafafun masu kawo ɗinki. Wani mutum ya karɓi sabuwar rigarsa ya tafi wurin taro, karnukan titi suka raka shi har kujerarsa. Ranar da Tela ya zazzage buhun nan, ihunsa har makaranta na ji shi.

"Malam Na-Sani! Huhu! Huhu a cikin ƙyallayena!"

"Na sani. Ajiya ce. Haka kyarkeci yake yi a daji don ranar babu. Ka yi murna, ya ɗauke ka ɗan garkensu."

"In na ɗauke shi da almakashi zai san garke!"

Abin da Kunnuwa bai binne ba kuwa, maguna suka samu. Farko guda ɗaya ce, ramammiya mai ido ɗaya. Ta ci, ta je ta ba da labari. Kafin mu ankara duk magen da ke unguwar ta san lokacin kwanon Janar fiye da yadda na san lokacin tashi daga makaranta. Su jeru a kan katanga, gashinsu yana sheƙi, wuyansu ya yi kauri, ba sa ko matsawa in ka ce musu kyat. Malam ya fito ya tarar da kwano fes, ya daki ƙirji.

"Ya cinye tas! Har ƙashi!"

Abin da ya ƙara ɗaure masa gindi shi ne Kunnuwa ya fara ƙiba. Ni ma na yi mamaki, sai ranar da na je shanya bayan gida na ga hannun Goggo ya ɓullo ta wani rami a gindin katanga, riƙe da murfin tukunya cike da shinkafa da romo.

"Goggo!"

"Rufa min asiri, 'yar nan. Kin san ni da kare, ko inuwarsa ba na so ta taɓa zanena. Amma bawan Allah ya zauna yana kallon hayaƙin kicin ɗina yana zubar da hawaye, ni kuma in ci in ƙoshi? Ba zan iya ba."

Malam ya aro tef ɗin Tela, ya auna cikin kare, ya fita titi yana shelar sakamako. Mahauci ya ce shi dai tumbi yake gani, irin na mai cin shinkafa. Malam ya ce masa wannan ba tumbi ba ne, tsokar ƙirji ce ta yi yawa ta gangaro.

Tunda kwano yana ƙarewa da wuri, sai ya ƙara sayayya. Naman ya fara kwana a bokiti, zafi ya dafa shi ba da wuta ba, ƙudaje suka mayar da gidanmu kasuwa. Rannan na dawo daga makaranta a gajiye, na ɗaga murfin firiza zan saka sauran ƙanƙara, sai muka haɗa ido da kan rago. Yana zaune a tsakiyar 'yan mangwarona, harshe a waje, kamar shi ma ya zo saye.

Ban san lokacin da na ƙwala salati ba.

"Malam! Ka ce ba ruwanka da firizata!"

"Baƙo ne, Maman yara, kwana kaɗan zai yi."

"'Ya'yan mutane ke shan abin nan! In Shugaba ta ji, ina zan sa kaina? Me za mu ci?"

"Kin cika tsoro. Sanyi yana kashe komai, na sani."

Na kwashe kayana kaf na zubar, na wanke firiza da ruwan zafi da sabulu har hannuna ya yi fari. Na yi kuka, na yi magiya, na kira sunan iyayensa. Iyakar abin da na samu shi ne ya yarda kayansa su zauna a cikin bokiti mai murfi, can ƙasa a kusurwa, kada su taɓa nawa. Tun daga ranar ban ƙara yin barci mai daɗi ba. In na rufe ido sai in ga ragon nan.

Sai aka shiga abin da ya kira mataki na biyu. Mai gemun cikin waya ya ce in ana zafi a markaɗa hanta da ruwa a daskarar, kare ya riƙa lasa. Malam ya markaɗa a injina na kankana, wanda daga ranar na bar masa har abada. Da ya rasa abin zubawa, ya ɗebi ledojina. Ya zauna ya koyi ƙullina, irin wanda nake murɗawa sau biyu in ja, har yana cewa nasa ya fi nawa kyau. Da suka daskare na ɗaga ɗaya a rana, na ɗaga ta kankana kusa da ita. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Na samo baƙin zare na bi nasa ɗaya bayan ɗaya na ɗaure. Washegari na duba bokiti, babu zare ko ɗaya.

"Ina zaren da na ɗaura?"

"Na cire. Kina so Janar ya haɗiye zare hanjinsa ya ƙulle? Ni da na riƙe sito guda, in bambance kaya ido a rufe, ni za a yi wa alama kamar ɗan aji ɗaya?"

Magana ba ta kwana a layinmu. Matar Tela ta gaya wa mai kitso, mai kitso ta gaya wa wata malama, sai ga Shugaba ta aiko a kira ni ofis. Na shiga na gaishe ta.

"Mai Ƙanƙara, an ce min kina kwantar da ƙanƙarar yarana ɗaki ɗaya da kan rago."

"Ranki ya daɗe, ragon ya tashi. Na zubar da komai, na wanke."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Ban taɓa kama ki da ƙazanta ba, shi ya sa nake miki magana a zaune. Ranar Asabar wasannin makaranta ne, iyaye za su cika filin nan, kuma maganar ta kai kunnensu. Ni da kaina zan zo in sha a gabansu. In aka samu ko ƙorafi ɗaya, akwai masu jiran gindin bishiyar nan."

Ana jibi wasanni wuta ta ɗauke tun safe. Ina makaranta ban sani ba. Malam ya ga kaya sun fara laushi, ya tashi aikin ceto: ya juye bokitinsa da kwandunana duka a buhu ɗaya, ya kai firizar Mahauci, da wuta ta dawo ya kwaso. Na tarar da shi zaune a kan tabarma, jajayen ledoji a gabansa kashi biyu, yana ɗaga kowace yana sunsunawa kamar mai sayen turare.

"Wannan hanta. Wannan kankana. Wannan... kankana ce mai kama da hanta."

Na tattara jajayen duka, nasa da nawa, na ƙulle a baƙar leda na ce gobe mai shara ya tafi da su. Na sake wanke firiza, na dama sabuwa, fara da rawaya kawai. Ranar Asabar da sassafe na jera su a kula da hannuna, na rufe, na shiga wanka. Kuskurena kenan, wankan nan.

Filin makaranta ya cika maƙil. An kafa rumfuna, an ja farin layi a ƙasa, lasifika tana ta kiran sunayen azuzuwa. Na kafa teburina a gindin bishiya, Goggo ta zo taya ni ta zauna a gefe. Na ɗaga murfin kula. Ja. Tun daga wannan gefe har wancan, jajaye ne a jere a sama, an shirya su tsaf kamar kayan sito.

Kafin in mayar da murfin, sai na ji filin ya ɗauki sowa. Malam ne ya shigo ta babbar ƙofa cikin tsohon kakinsa na aiki, ya naɗe sarƙa irin ta ɗaure sa a wuyan hannu, Kunnuwa yana tafe a ƙarshenta yana neman inda zai ɓuya. A bayansu kuma, a jere a kan katangar makaranta, magunan unguwarmu ne kaf, mai ido ɗaya a gaba. Lokacin kwano ya yi, sun biyo mai kwano.

Na ruga na tare shi. "Malam, me ka zuba min a kula?"

"Na cece ki daga asara, na kwashe su kafin mai shara ya zo na ajiye a firizar Mahauci. Yara sun fi son ja, kuma in ba ki kawo ja ba za a ce maganar gaskiya ce. Na tantance su ɗaya bayan ɗaya. Na Janar suna nan a aljihuna."

"Don girman Allah ka koma gida."

"Yau zan wanke sunanki a gaban duniya."

Malamin wasanni ya ajiye makirufo ya tafi shirya masu tseren buhu. Malam ya ɗauka.

"Iyaye, malamai, manyan baƙi! An ce wai a gidana ana haɗa abincin kare da na yara. Masu faɗar haka ba su san kimiyya ba. Ku dubi dabbar nan. Kwanan baya iska tana kayar da shi. Yau ku dubi ƙirji!"

Daga cikin rumfa Tela ya ɗaga murya: "Muna ganin ƙirjin, har yana jan ƙasa!"

"Sirrin ɗaya ne, ɗanye! Ga ɗanyar hanta, ku kalli kyarkeci da idonku!"

Ya zaro jar leda daga aljihu, ya yage bakinta, ya jefa. Kunnuwa ya sunsuna. Wutsiyarsa ta motsa. Ya kwanta ya riƙe ledar da ƙafafu biyu ya hau lasa, yana lumshe ido, har da ɗan kukan daɗi. Malam kansa sai da ya yi turus, don bai taɓa ganin haka ba. Sannan ya daka tsalle.

"Kun gani! Jinin kakanninsa ya tashi!"

Goggo ta kamo gefen mayafina. "'Yar nan, karen nan ko an yanka shi ba ya cin hanta."

"Na lura, Goggo."

"To, in kankana tana aljihun mijinki, hantar tana ina?"

Muka juya tare muka kalli kula.

Daidai lokacin Shugaba ta iso teburina, shugaban ƙungiyar iyaye yana gefenta, iyaye mata sun biyo su, yara kuma sun yi layi kowa da hannu a miƙe. Ta sa hannu da kanta, ta zaɓi ja. Kafin in hana ta, Malam ya ratso mutane da makirufo a hannu ɗaya, sarƙa a ɗayan.

"Ranki ya daɗe, bari maigidan ya fara, don kowa ya shaida."

Ya karɓe ledar daga hannunta, ya yage da haƙori, ya gatsa babban gatsa.

Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, ban taɓa ganin fuskarsa ta yi abin da ta yi ba a ranar. Idonsa ya firfito. Kumatunsa suka kumbura. Hancinsa ya buɗe ya rufe. Ya dubi Shugaba, ya dubi jama'a, ya dubi sama. Sannan ya haɗiye, lasifika ta kai ƙarar haɗiyar har ƙarshen fili.

Shugaba ta ce, "Yaya dai, Malam? Kankana ce?"

"Kankana ce," in ji shi da wata siririyar murya. "Ta bana. Tana da... ƙarfi."

"Me ke gangarowa a gemunka?"

"Ruwanta ne. Irin mai kauri ce."

Mage mai ido ɗaya ta diro daga katanga, ta zo ta dafa gwiwarsa tana miƙa wuya. Wata ta biyo ta. Malam yana murmushi yana ture su da ƙafa, don ya nuna babu komai ya sake gatsawa. Hawaye suka zubo masa.

Shugaba ta ce, "To, tunda maigida ya shaida, a ba wadda ta ci tseren 'yan aji ɗaya, kyauta daga makaranta."

Wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai gibi ta matso, ta sa hannu a kula ta kama ja. Na fizge ledar daga hannunta, na rungumi kula na kifar da ita a ƙasa gaba ɗaya.

"Kada wanda ya taɓa! Hanta ce! Ɗanyar hanta ce ta kare!"

Ashe bakina yana daidai makirufon Malam. Har masu sayar da kaya a bakin titi sun ji.

Ledoji suka watse a ƙasa, maguna suka sauko kamar an buɗe musu ƙofa. Ban san unguwarmu tana da maguna haka ba. Suka bi ta ƙarƙashin kujerun manyan baƙi, suka bi ta kan teburin kyaututtuka, iyaye mata suna ihu suna ɗage ƙafa, shugaban iyaye ya haye benci ya riƙe hularsa. Kunnuwa ya ɗago kai ya ga rundunar nan ta nufo inda yake. Ya yi wata ƙara irin ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, ya zuba da gudu.

Sarƙar tana naɗe a hannun Malam. Karen da ya sha shinkafar Goggo ba Kunnuwan da ba ne, yana da nauyi. Ya fizgi Malam suka faɗa tsakiyar masu tseren buhu, waɗanda aka riga aka busa wa usur. Yara suna tsalle a buhu, kare yana gudu, mijina yana binsa da dogon taku yana ihu a makirufo, "Janar, tsaya! Janar, umarni ne!" Igiyar makirufo ta ƙare ta tsinke. Suka wuce yaran, suka tsinke zaren ƙarshen tsere, alƙalin wasa ya ɗaga tuta don bai san abin da zai yi ba. Kunnuwa ya yi kwana, Malam bai yi ba. Ya tashi sama ya sauka a ramin yashin masu dogon tsalle, da fuska.

Yara suka yi ta tafi. Tela ya ce a auna, wataƙila ya kafa tarihi. Mahauci ya je ya ɗago shi yana cewa, "Malam, da ka gaya min kai ne mai ci, ai da na zaɓo maka mai laushi." Kunnuwa kuwa ya zame wuyansa daga sarƙa, aka same shi a gida, kansa a cikin ramin katangar Goggo.

Ni na durƙusa ina tsince ledoji ina kuka, ina cewa a raina shi ke nan, bishiya ta tafi.

Ranar Litinin Shugaba ta kira ni. Na tafi da niyyar in yi godiya in yi sallama. Ta bar ni a tsaye ta gama rubutunta, sannan ta ce iyaye sun yi zama. Rabinsu sun ce a kore ni. Uwar yarinya mai gibi ta tashi ta ce ita ba ta yarda ba, macen da ta kifar da kayanta da hannunta a gaban jama'a ita take so ta riƙa sayar wa 'yarta. Aka yi ta ja, aka tsaya a kan sharuɗɗa. Firiza da kwaɗo, makulli a wuyana. Mijina da karensa kada su wuce kwanar layin makaranta. Ja kuma an soke ta har abada, fara da rawaya kawai, waɗanda ba sa kama da komai.

"Kin ji ko, Mai Ƙanƙara? In na ƙara ganin abu ja a kularki, ko murfin kwalba ne, kin tafi."

Na yi godiya har ƙasa. Na biya kasuwa na sayi kwaɗo, na dawo gida da sauri don in sa kafinta ya kafa min.

Malam ya kwana biyu tsakanin gado da bayan gida, na ɗauka abin ya ishe shi. Ina shiga kicin na tarar da shi tsaye gaban firiza, ya rame, ya riƙe ciki da hannu ɗaya, ɗayan hannun da wata leda mai nauyi da kiret ɗin ƙwai.

"Maman yara, na gano inda kuskuren yake. Hanta ce ta yi masa nauyi. Mai gemu ya ce a irin wannan hali sai a koma ƙwaƙwalwar sa da ƙwanduwar ƙwai, a markaɗa kowanne daban a daskarar. Ki kwantar da hankalinki, babu ja ko ɗigo."

"Wane launi suke yi in sun daskare?"

"Ɗaya fari, ɗaya rawaya."

Na ajiye jakata. Na cire takalmi. Na taka kujera na haye kan murfin firiza, na naɗe ƙafa na zauna.

"Sauko mana, Maman yara, kayan za su lalace."

Na juya wajen taga na ɗaga murya.

"Goggo! Aika a kira min kafinta. In kin sauke tukunya ki miƙo min nawa nan, ki haɗo da filo."